Fuskar Kawu Sale

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a kaka ta biyu bayan an ƙaddamar da Shari'a a Kano, muna zaune a ƙofar gidanmu a Rano muna tsinkar gyaɗa. An zube wadda aka ciro jiya a gindin darbejiya, ni da ƙawayena biyu kowace da ƙwaryarta, Baba kuma yana kan tabarma yana gyaran ƙotar fartanya. Sai wani babur ya tsaya a gabanmu, wani mutum ya sauko sanye da riga da wando irin na 'yan birni, da farin takalmi ƙal, da baƙin tabarau. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Baba, amma bai cire tabarau ɗin ba. Shekarata goma a lokacin, kuma ban taɓa ganin wanda ya gaida babba idonsa a ɓoye ba. Ya ce daga Kano yake, fim yake shiryawa, Darakta kowa yake ce masa, kuma ya zo ne neman yaron nan mai zane. Na ajiye ƙwaryata na shiga gida da gudu na gaya wa Inna. Tana tsaye a bakin turmi, ba ta ko ajiye taɓarya ba ta tambaye ni wanda ya nuna masa gidan.

Yaron nan mai zane yayana ne, Yaya Nafi'u, wanda ya girme ni da shekara biyar, yana sakandare a lokacin. Abin ya faro ne daga takardar ƙunshin ƙosai. Wata rana aka ƙunso mana ƙosai a wani shafi da aka yago daga littafin zane na Turawa, duk ya jiƙe da mai. An raba shafin gida-gida, a kowane gida akwai wani ƙato cikin matsattsun kaya yana tashi sama, magana tana fitowa daga bakinsa a cikin 'yar da'ira. Yaya Nafi'u ya shanya takardar a kan danga ta bushe, ya yi kwanaki yana dubanta. Daga nan ya ce shi ma zai yi nasa, amma nasa jarumin ba zai tashi sama ba, don a ganinsa mutanen Rano ba su da abin nema a sama, matsalarsu tana ƙasa. Ya sa masa suna Maji-Ƙasa. Gajere ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, yana ɗingisa ƙafar hagu, da igiya a ƙugunsa da dagi a hannunsa. Idan ya kara kunne a ƙasa yana jin inda ruwa yake gudu, yana jin kukan duk wanda ya maƙale a rami, kuma yana iya nutsewa cikin ƙasa a Rano ya ɓullo a Kibiya kafin a gama alwala.

Littattafan rubutu bakwai ya cika da labarinsa. Shi ke zane da fensir, ni ke sa launi. Ba mu da kayan fenti, sai bular wankin Inna don sararin sama, ruwan zoɓo don jini da faɗuwar rana, gawayi don cikin rijiya, ɗanyen ganyen wake da na murje don gonaki. Bayan na gama surfe da ɗebo ruwa, maimakon in tafi gaɗa ko carafke, sai in zauna a zaure da tsinken tsintsiya da na tauna bakinsa ina shafa launi. A makaranta, da an kaɗa ƙararrawar tara, yara sukan yi dandazo a bayan aji a kan littafi ɗaya, mai karatu a tsakiya, na baya suna ɗage. Wani malaminsu ya taɓa ƙwace ɗaya a aji, ya tafi da shi gida ya karanta, ya dawo yana tambayar na biyu. Shi ne ya ba wani abokinsa labari a Kano, labarin ya yi ta tafiya har ya kawo mana mai farin takalmi.

Abin da duk yaran unguwarmu suka sani, amma baƙo bai sani ba, shi ne Maji-Ƙasa ba ƙagagge ba ne. Fuskar Kawu Sale ce, ƙanen Inna, mai haƙar rijiya da yasa, wanda ke zaune a Rurum Tsohon Gari. Ƙafarsa ta karye tun yana saurayi da bangon wata rijiya ya rufto masa, ɗorin bai zauna daidai ba. Daga Rurum har ƙauyukan Kibiya an san shi da abu ɗaya: in ya ce a haƙa nan, ana samun ruwa. Yakan zaga fili shiru, ya tsaya, ya ci gaba, can sai ya kwanta a gefe ɗaya kunnensa a ƙasa, ya tashi ya kafa dagi. Ina da shekara biyar na taka rufin wata tsohuwar rijiya a bayan gidanmu, itacen ya ruɓe, na zurma cikin laka har ƙirji. Allah ya sa Kawu yana yasar rijiya a maƙwabtanmu. Shi ya ɗaura igiya ya sauka ya fito da ni a kafaɗarsa. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana da komai sai Uwata.

Ranar da ya fara ganin zanen bai ji daɗi ba. Ya juya shafi biyu, ya ɗago ya dubi Yaya Nafi'u ya ce, "Har ƙafar ma sai da kuka zana?" Ya ɗauka ba'a muke masa. Sai da Yaya Nafi'u ya zauna ya karanta masa littafin farko daga bango zuwa bango, ya ga cewa mai ɗingishin nan shi ne yake ceton gari, sannan ya saki fuska. Daga ranar, duk zuwan da zai yi Rano sayen igiya ko gyaran diga, sai ya tambaya me ya aikata a wannan makon.

Darakta ya zauna a zaurenmu ya jera littattafan bakwai a gabansa. Na lura ba karantawa yake ba, shafuka kawai yake watsawa da babban yatsa yana cewa madalla, wannan yaro baiwa ce. Baba bai saki jiki ba, don lokaci ne da ake ta magana a kan 'yan fim a masallatai da majalisu, kowane magidanci yana kaffa-kaffa kada a ambaci gidansa cikin harkar. Darakta ya ce ai shi ma abin da ya kawo shi ke nan. Ya gaji da finafinan rawa da waƙa, yana son wanda zai koya wa yara taimako da tsoron Allah. Ya rantse ba zai canja ko layi ɗaya ba. Duk abin da Baba ya kawo, kafin ya rufe baki an amsa masa da to. Da aka zo maganar wanda zai fito a matsayin jarumin, ya ce yana da samari kyawawa a birni. Yaya Nafi'u ya buɗe baki ya rufe, don Inna ta riga ta kira shi ciki ta gargaɗe shi kada ya sa sunan ƙanenta a zancen.

Ni ce na yi magana. Ina raɓe a bakin ƙofa da kwanon ruwan da aka aiko ni da shi, kuma na riga na yanke a raina cewa mutumin nan zai ɓata mana jarumi. Na ga hanya ɗaya ce ta hana shi, ya san cewa mai fuskar yana raye. Na ce, "Ai Maji-Ƙasa yana nan a Rurum, kawunmu ne. Ba wanda zai yi shi sai shi." Darakta ya juyo gaba ɗaya. A karo na farko ya zare tabarau ɗin, ya tambaye ni ko da gaske yana ɗingishi, ko da gaske yana kara kunne a ƙasa. Na ce ƙwarai, ina jin kaina kamar na ci nasara. Ya yi murmushi ya ce ƙanwata ta fi kowa basira a gidan nan. Da la'asar ya ɗaure littattafan bakwai a bayan babur ya tafi, a kan zai dawo da su da zarar an gama. Inna ta ce, "Ni dai ban yarda da shi ba. Ya amsa komai da wuri."

Da rani suka zo, mota guda cike, suka sauka a gindin duwatsun Rurum. Ya dace da hutun makaranta, ina can wajen matar Kawu ina taya ta raino. Kawu ya yi shiri irin na Sallah. Ya yi aski, ya ɗinka sabuwar riga ruwan toka, ya wanke igiyarsa, ya goge dagi da yashi har yana ƙyalli. Maƙwabta suna ta tsokanarsa wai ya zama ɗan fim da tsufansa, shi kuwa yana cewa aikin yaran yayarsa ne, ba zai ƙi su ba. Da muka isa wurin, abu na farko da aka ce masa shi ne ya cire sabuwar rigar. Aka ba shi wani jan ƙyalle yagagge, aka rataya masa guraye da layu na ƙarya, aka shafa masa toka a fuska. Ya tsaya yana kallon Yaya Nafi'u, Yaya Nafi'u ya tambayi Darakta, Darakta ya ce wannan farkon labari ne, kafin jarumi ya shiryu ya samu baiwarsa, an ɗan ƙara ne don mai kallo ya ga bambanci. Babu wannan a littafi ko ɗaya, amma an faɗe shi da saurin da ba ya barin mutum ya yi tunani.

Ina tsaye can nesa cikin 'yan mata, goyon ɗan Kawu a bayana, ina ƙirga abubuwan da ba su yi mini ba. Akwai wani dogon saurayi fari mai sumar kai da ke zaune a ƙarƙashin lema ana masa fifita, an ce abokin jarumi ne, alhali Maji-Ƙasa ba shi da aboki sai jakinsa. Na ga an karɓi igiya da dagi daga hannun Kawu an miƙa wa dogon, wai ya riƙe masa. Na ga an sa Kawu ya kwanta ya kara kunne a ƙasa, ya tashi ya ɗaga hannu sama, ya ƙyalƙyale da dariya, ya sake, ya sake. Da ya tambayi abin da zai ce, aka ce ya yi ta magana kawai, za a gyara a birni. Shi kuwa da bai san abin faɗa ba, sai ya shiga lissafa sunayen ƙauyukan da ya yi wa rijiya, ɗaya bayan ɗaya, hannunsa a sama. Kafin azahar an sallame shi. Dogon kuwa kwana uku suka yi suna ɗaukarsa a kan duwatsu. Na gaya wa Yaya Nafi'u duk abin da na gani, ya ce zargi ya yi mini yawa, ban san yadda ake fim ba. Amma na ga shi ma bai ci abinci ba ranar.

Kaset ɗin ya fito gab da faɗuwar damina. Hoton tallansa muka fara gani a shagon haya na bakin kasuwa: dogon nan ne da jan mayafi yana kaɗawa a bayansa, wata budurwa a gefensa, an rubuta Maji-Ƙasa da manyan haruffa. Wani Alhaji maƙwabcinmu mai bidiyo da janareta ya karɓo haya ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci matan unguwa da yara muka cika falonsa har bakin ƙofa. Jarumin fim ɗin ɗan wani attajiri ne a birni. Ba ya ɗingishi, ba ya shiga rijiya, laka ba ta taɓa jikinsa ba tun daga farko har ƙarshe. Tashi sama yake yi, ana ganin ƙafafunsa suna lilo kamar an rataye shi. Kafin a yi nisa sun shiga lambu shi da budurwar suna waƙa. Wasu matan suka fara dariya suna kallon Yaya Nafi'u da ke tsaye jikin bango.

Can sai ga Kawu. Yara suka ɗauki sowa suna cewa ga Sale mai rijiya. Fuskarsa ce, tokar ce, jan ƙyallen ne, amma muryar da ke fita daga bakinsa ba tasa ba ce, wata ƙatuwar murya ce mai gurnani. Inda ya lissafa ƙauyukan da ya shayar, an mayar da shi yana kiran sunayen aljanu. Inda ya kara kunne a ƙasa, an nuna yana karɓar umarni daga gare su. A fim ɗin shi ne bokan da ya ɗaure ruwan gari, sai an ba shi jinin baƙin bunsuru yake sakin ɗigo. A ƙarshe dogon ya kayar da shi, mutanen gari suka kore shi da jifa. Wanda aka jefa ɗin ma ba shi ba ne, wani ne aka ɗauka ta baya yana kwaikwayon ɗingishinsa, yana ƙarawa don a yi dariya, kuma aka yi. Da sunaye suka fara hawa, a wajen mai labari sunan Darakta ne. Ban ga fitar Yaya Nafi'u ba. Inna ta miƙe ta gyara mayafinta, ta yi wa matar gidan godiya kamar yadda aka saba, ta kama hannuna muka fita.

Kowa ya san fim ba gaskiya ba ne, haka aka yi ta faɗa mana. Amma akwai tsohuwar tambaya da mutane suka daɗe suna haɗiyewa: yaya aka yi shi kaɗai yake samun ruwa a inda wasu suka haƙa suka gaji? Fim ɗin ya ba su amsa, kuma ya zo a lokacin da kowa yake duban maƙwabcinsa da ido biyu, ana neman wanda ke tsafi, wanda ke duba, wanda ke bori. Yara suka fara binsa a kasuwa suna ɗingishi suna cewa boka. Wata tsohuwa a Rurum ta daina ɗiban ruwa a rijiyarsa da ta yi shekara goma tana sha. Mutanen wani ƙauye a ƙasar Kibiya, da suka riga suka kira shi ya haƙa musu rijiyar masallaci, suka aiko a ce ya dakata tukuna. Wata rana da hantsi wasu samari huɗu suka yi sallama a ƙofarsa, suka ce sun zo yi masa nasiha, suka nemi ganin ɗakinsa. Ya ɗaga musu labule. Igiya suka gani, da guga, da buzun sallah, da allonsa na tun yarinta. Sun ba shi haƙuri sun tafi, amma labarin da ya zaga gari shi ne an je an binciki gidan Sale, ba a ƙara da cewa ba a samu komai ba.

A gidanmu kuwa shiru ne. Inna ta yi kwanaki ba ta yi wa Yaya Nafi'u magana ba sai ta aike. Baba ya hau mota ya tafi Kano da kwatancen da Darakta ya bari, ya tarar da shagon a rufe, maƙwabta suka ce sun tashi, wani ya ce Kaduna, wani ya ce Jos. Littattafan bakwai ba mu sake ganinsu ba. Ni ba wanda ya ce mini komai, kuma hakan ya fi mini zafi, don na san daga bakin wa sunan Kawu ya fita. Abin da na daɗe ina jin kunyar faɗa shi ne, zargin ya shige ni ni ma. Ina jan guga sai in tsaya ina leƙa duhun rijiya. Na tuna yadda ya fito da ni daga laka ba tare da ya ji ko ƙwarzane ba, na tuna yadda yake kwanciya kunne a ƙasa ya daɗe idonsa a rufe. Na fara tambayar kaina ko Darakta ya ga wani abu ne da mu ba mu gani ba.

Da aka aike ni Rurum da garin tuwo, na same shi zaune a ƙofar gida yana tufkar igiyar da ba wanda ya kira shi ya yi aiki da ita. Na gaishe shi, na yi ta murza bakin zanena, sannan na tambaye shi ko da gaske yana jin ruwa a ƙasa. Ya daina tufka. Ya dube ni har na ji kamar in nutse. Ya ce, "Har da ke, Uwata?" Bai jira amsa ba, ya ɗauki dagi ya ce in biyo shi.

Muka fita bayan gari ta gefen duwatsu. Ya nuna mini wani ɓaure da ganyensa yake shar alhali na kusa da shi sun kaɗe. Ya nuna mini suri, ya fasa gefensa ya sa na taɓa ƙasar ciki, da sanyinta, ya ce gara ba ta gini da busasshiyar ƙasa, daga wani wuri take ɗauko damshin. Ya nuna mini yadda gangaren dutse yake juyar da ruwan damina, da inda yake kwanciya, da irin ciyawar da ba ta fitowa sai a kan jijiyar ruwa. Ya ce mahaifinsu ne ya koya masa, shi ma nasa uban, kuma sau uku yana haƙa ya tashi a banza, mutane ne ba sa tuna waɗannan. Na ce to kunnen da yake karawa fa? Sai ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun fitowar kaset ɗin. Ya ce, "Ƙafar ce ke ciwo in na daɗe ina zagaye. Kwanciya nake in huta. Tun ina saurayi na ga in na ce hutawa nake za a ce gurgu ba zai iya aikin ba, sai na bar su suna cewa saurare nake." Na fashe da kuka a wurin, na ce masa ni ce na faɗi sunansa. Ya ce ya sani, Inna ta gaya masa tuntuni, kuma wanda ya shafa masa toka ba ni ba ce.

Da na koma Rano na kwashe komai na gaya wa Yaya Nafi'u. Washegari ya sayo sabon littafi. Wannan karon babu nutsewa cikin ƙasa, babu jin kuka daga nesa. Ya zana ɓaure da suri da gangaren dutse, ya zana mutum yana zagaye har ƙafarsa ta gaji ya kwanta, ya rubuta sunan Kawu na gaskiya a bangon littafin. Na sa launi cikin kwana huɗu. Baba ya ɗauki Yaya Nafi'u a keke da littafin, su biyu suka tafi ƙauyen nan na Kibiya suka sami limamin. Dattijo ne mai sanyin magana, wanda bai taɓa kallon fim ɗin ba amma ya ji labarinsa ta bakin mutum goma. Ya duba littafin a hankali, shafi bayan shafi, ya ce shi ba zane zai sa ya yarda ko ya ƙi ba, amma a kira Malam Sale ya zo ya zaɓi wurin da rana tsaka, a gaban kowa, yana yi yana bayani.

Haka aka yi. Kawu ya zaga filin masallacin mutane suna biye da shi, yana nuna musu abin da ya nuna mini. Sirrin da gidansu ya riƙe tun kakanni ya zube shi a fili ranar, don ya wanke sunansa. Da ƙafar ta dame shi bai kwanta ba, kujera ya roƙa. Sun yi mako uku suna haƙa shi da yaran garin, da zurfin ya kai gaba goma sha ɗaya ƙasa ta fara jiƙa, liman da kansa ya fara alwala da ruwan. Daga nan aiki ya fara dawowa, amma ba duka ba. Akwai ƙauyukan da ba su sake kiransa ba, akwai kuma samari biyu cikin masu kallon ranar da suka sayi dagi suka zama masu haƙa a yankin. Sunan boka bai bar shi ba har rasuwarsa, sai dai ya koma na tsokana a bakin abokan wasa. Bai taɓa yarda ya kalli fim ɗin ba. Yaya Nafi'u kuwa daga littafin nan bai sake zana mutum ba. Yau rubutun allunan shaguna yake yi da kwalliyar bayan a-daidaita-sahu, furanni da tsuntsaye da duwatsu, in ka ce ya zana maka fuska sai ya ce bai iya ba.

Yanzu mota ce ke zuwa da na'ura, a dasa waya a ƙasa, a duba allo, a huda burtsatse cikin yini biyu, ba wanda ke tambayar mai na'urar da wa yake magana. 'Ya'yana suna kallon finafinan jarumai na ƙasashen waje a waya, suna musu mai zafi a kan wanda aka ɗauka ya fito a matsayin wane: wannan ya cika tsawo, wancan bai yi kama da na littafi ba, an canja masa asali, an ɓata labari. Sukan yi mamaki idan na bar abin da nake yi na tsaya ina saurare, har in goyi bayan wanda ya ce an ɓata. Su jarumansu ba su da ƙauye, ba su da 'yar'uwa da za ta fita daga falon mutane kanta a ƙasa, in an ɓata su a bana za a gyara a fim na gaba. Nakan so in yi musu bayani, sai in ga sun riga sun wuce zuwa wani abin. Namu jarumin a tabarma ɗaya muke cin tuwo da shi, kuma sau ɗaya aka yi fim ɗinsa.